Lada a Hannun Na Tsakiya: Nazari Kan Jinkirin Biyan 'Yan Ƙwadago a Gonakin Rani na Garun Malam

Ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka gina a kan kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974. Babbar magudana ce ke ɗauko shi ta raba wa ƙanana, su kuma su kai shi bakin fangali ba tare da inji ba, domin ƙasar gangare ce. An tsara kashin farko na wannan shiri na ban ruwa a kan kimanin hekta 22,000, ko da yake abin da aka gyara bai kai haka ba, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke riƙe da shi. Shinkafa da tumatir da alkama da albasa, waɗanda su ne ƙashin bayan noman wannan yanki, amfanin gona ne masu gaggawa. Irin shinkafa in ya isa dashe ba ya jira, tumatir in ya nuna sai a tsinke shi ko ya ruɓe a jikin uwarsa. Manomi mai hekta biyar ba shi da 'ya'yan da za su gama masa irin wannan aiki a kan kari, ba shi kuma da lokacin bin mutum ashirin gida-gida. Yakan nemi mutum ɗaya ya tara masa sauran. Daga wannan mutum ɗaya matsalar da muke son bincikawa ta samo asali: an yi aiki, an gama, amma ladan ya maƙale tsakanin mai gona da wanda ya kawo ma'aikata, kowanne yana nuna ɗan'uwansa.

Ma'anar kalmomi

Kafin mu shiga ciki, ya kamata mu tsayar da ma'anar kalmomin da za mu riƙa amfani da su. Ƙwadago shi ne sayar da ƙarfi ko gwaninta don a biya mutum, ba tare da ya zama ma'aikacin dindindin na wanda ya yi wa aikin ba. Iri biyu ne. Akwai na yini, inda lokaci ake saye: a fita da safe, a tashi da azahar ko la'asar, a biya kuɗin da aka saba. Akwai kuma jinga, inda aikin kansa ake saye: a yi ciniki a kan dashen wannan gona ko yankan waccan, ko an gama a yini ɗaya ko a huɗu, kuɗin bai canza ba. Lada shi ne abin da aka yi alkawarin biya a kan ɗayan waɗannan biyun, la'ada kuwa ita ce rabon da mai haɗa ciniki ke samu saboda haɗawar da ya yi. Da muka ce ɗan ƙwadago, ba mai fartanya kaɗai muke nufi ba. Direban tarakta da ke yi wa mutane haro, da mai goyon tankin feshi, da makanikin injin ban ruwa, da matan da ke sheƙa a bakin gona, da ɗan dakon da ke loda kwanduna, duk suna cikin wannan ma'ana, muddin ba albashin wata suke karɓa ba.

Jinkirin biya kuwa shi ne wucewar lokacin da aka ajiye, ko lokacin da al'adar wurin ta sani, ba tare da lada ya shiga hannun mai shi ba. Daga wannan lokaci lada ya zama bashi. Wannan sauyi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ɗan ƙwadago bai zo da niyyar ba da rance ba, an mayar da shi mai bin bashi ne ba da shawararsa ba. Na tsakiya shi ne duk wanda aikin ya biyo ta hannunsa daga mai gona zuwa ga mai yin sa. Lamuni kuma shi ne mutum ya ɗauki nauyin bashin wani, ta yadda in wancan bai biya ba shi za a kama.

Na tsakiya kashi uku ne

Bakin mutane ba ya bambanta su. Duk wanda ya kawo aiki akan ce masa dillali ko oga ko heluma, wato shugaban 'yan aiki. Amma a wajen hukunci mutum uku ne mabambanta, kuma duk rigimar da ke biyo baya a kan wannan bambanci take juyawa.

Na farko dillali ne tsantsa. Ya san manomin da ke neman hannu, ya san inda 'yan cirani suka sauka, ya haɗa su, suka yi ciniki baki da baki, ya karɓi la'adarsa ya tafi. Wannan ba a bin sa komai. Bashin yana wuyan mai gona, kuma amfanin dillali a nan bai wuce ya zama shaida ba. Na biyu wakili ne: mai gona, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati da ke zaune a birnin Kano ya karɓi hayar fili, ya ɗora shi a kan gonar, ya ce ya ɗauki ma'aikata da sunansa. Cinikin da wakili ya ƙulla na mai gona ne, kuɗin da aka ba shi ya biya kuwa amana ce a hannunsa. Na uku ɗan kwangila ne. Ya karɓi aikin gonar gaba ɗaya a kan wani adadi, sannan ya je ya ɗebo mutanensa a kan adadin da bai kai wancan ba, bambancin shi ne ribarsa. A nan ciniki biyu ne, ba ɗaya ba. Tsakanin mai gona da 'yan ƙwadago babu wata yarjejeniya, wataƙila ma ba su taɓa ganin juna ba. Wanda ya ɗauke su shi ne mai biyansu, ko an biya shi ko ba a biya shi ba.

Abin da muka lura da shi, kuma shi ne jigon wannan nazari, shi ne na tsakiya yakan shiga aiki a matsayin na uku, ya fita a matsayin na farko. Ranar ciniki shi ke yanka farashi, shi ke cewa wane ya zo wane kada ya zo, shi ke ɓoye adadin da mai gona ya ba shi don kada a gane ribarsa. Ranar biya kuwa sai a ji yana cewa, “Ni fa haɗa ku kawai na yi,” ko “Alhaji bai sallame ni ba tukuna.” Mutum ba zai ci ribar ɗan kwangila sannan ya nemi sauƙin dillali ba. Duk wanda ke son karɓo haƙƙinsa, ko yake son ya sasanta masu irin wannan rigima, tambayoyin da zai fara yi guda uku ne: wa ya yanka kuɗin aikin, wa ya ba da kafin alƙalami, kuma ladan na tsakiya la'ada ce sananniya ko rara ce da shi kaɗai ya san yawanta? Amsoshin nan su ke nuna wanda ake bi.

Inda kuɗin ke tsayawa

Ba kowane jinkiri ne na mugunta ba, kuma haɗa su duka a kwando ɗaya kuskure ne da ke ɓata neman haƙƙi. Akwai jinkirin da ya taso daga doguwar hanyar da kuɗin amfanin gona ke bi. Tumatirin da aka tsinka a Kadawa ko Ciromawa yakan taru a kasuwar Kwanar Gafan, a loda shi a manyan motoci, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 da ke Ikko. Dillalin can ya sayar, ya cire la'adarsa da kuɗin mota da na masu sauke kaya, sannan ya turo saura. In motoci sun yi yawa a rana ɗaya farashi ya faɗi, in mota ta lalace a hanya kaya su narke, wani lokaci abin da zai dawo ba ya biyan kuɗin kwandunan. Saboda haka “sai mota ta dawo” ta zama amsar da ɗan ƙwadago ya fi ji. Akwai kuma jinkirin annoba. A 2016 tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar kuma aka gina ta don sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa. Manomin da ya yi asara irin wannan, da gaske ba shi da abin biya. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin takardun naira, an ga wani nau'i na dabam: kuɗi na banki, amma babu tsabarsu, ɗan ƙwadago kuwa sau da yawa ba shi da asusun da za a tura masa.

Sauran nau'o'in biyu su ne na ganganci. Ɗaya shi ne juya kuɗi: an biya na tsakiya, sai ya sa ladan mutane cikin wata harka, ya sayi buhunan shanshera ya ajiye ko ya biya kafin alƙalamin wani aikin, da niyyar in ta yi kyau ya biya. Ɗayan kuma taurin bashi ne tsagwaronsa, inda mai hali ke ja wa talaka rai don ya san ba shi da inda zai kai shi.

Ko da jinkirin na gaskiya ne, akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Wanda ya yi dashe a kan kuɗi sananne bai shiga tarayya da mai gona ba. Shekarar da kwandon tumatir ya yi tsada a Ikko, ba a kiran masu tsinka a ƙara musu komai. In kuwa haka ne, babu hujjar ɗora musu asarar shekarar da ya faɗi. Sharaɗin “sai an biya ni zan biya ka” yana ɗauke haɗarin kasuwa daga kan mai jari ya ɗora shi a kan wanda ba shi da rabo a riba. Hauhawar farashi kuma tana ƙara wa abin zafi. A ƙarshen 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar ta haura kashi 34 cikin 100 a shekara. Bisa wannan lissafi, naira 100,000 da aka riƙe wa mutum shekara guda, ranar da aka ba shi abin da za ta saya bai wuce na kimanin naira 74,000 na ranar da ya yi aikin ba. An biya shi a baki, amma an ci kimanin rubu'in guminsa.

Abin da fatake suka sani

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma kasuwancin Hausa bai taɓa gudana ba tare da shi ba. Abin da ya riƙe shi shi ne tsarin da aka gina a kewayensa. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu ke tafiya a can. Bafatake ya kawo shanu daga arewa ya sauka a gidan mai gida. Dillalan mai gidan su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, mutanen da bafataken bai san su ba, ba ya ma jin harshensu. Abin da ya sa ya yarda shi ne mai gida ya lamunce: in mahauci bai biya ba, shi zai biya daga aljihunsa. Masu gida suna da malaman da ke rubuta kowane ciniki, suna kuma sanar da juna mahaucin da ya ci bashi, a daina sayar masa har sai ya sauke nauyin da ke kansa. Wata masaniyar, Polly Hill, ta ga irin wannan tsari na masu gida da dillalai a Kumasi.

Abubuwa uku ne suka tsayar da wancan tsari: lamuni, da rubutu, da hukuncin ƙauracewa. Na tsakiya a Sabo yana cin la'ada ne domin ya ɗauki haɗari, kuma jarinsa na gaske shi ne sunansa, tun da yana da gida da iyali a wurin, ba zai kwashe su cikin dare ba. Kasuwar ƙwadago ta gonakin rani ta gaji dillanci daga wancan zamani, amma ba ta gaji lamunin ba. Duk mai waya da babur da ya san mutum goma zai iya zama na tsakiya a yau, ya ɓace gobe.

Matsayin fiƙihu da na dokar ƙasa

Tun da mafi yawan waɗanda abin ya shafa Musulmi ne, kuma kotun da ta fi kusa da su ta shari'ar Musulunci ce, ya dace mu duba abin da mazhabar Malikiyya ta tanada, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu ke komawa gare su. Ijara ita ce sayen amfanin mutum ko na abu da lada sananne, a kan aiki sananne ko lokaci sananne. Ji'ala kuwa ita ce alkawarin lada in an cim ma wani sakamako, kamar la'adar dillali da ba ta tabbata sai ciniki ya faɗa. Ƙwadagon gona ijara ne, kuma sharaɗinta shi ne kada a bar lada ko lokacin biyansa a duhu. A nan malaman Malikiyya sun yi wani bambanci mai kyau. Sun yarda a jinkirta biya zuwa lokacin girbi, domin lokaci ne da kowa ya san shi a al'adance. Amma rataya biya a kan abin da ba a san ranarsa ba, ba a ma san ko zai faru ba, kamar dawowar kuɗi daga hannun wani na uku, wannan garari ne, wato rashin tabbas da ke ɓata ciniki. Ke nan “in an yi girbi” ajali ne, “in Alhaji ya turo” ba ajali ba ne.

Game da wakili, ƙa'idar da ke cikin Mukhtasar a babin wakilci ita ce ana bin wakili kuɗin abin da ya saya, sai fa in ya bayyana tun farko cewa ba shi ne mai biya ba. Wanda ya yi shiru ranar ciniki ba zai zo ranar biya ya ce shi ɗan aike ne ba. Akwai kuma hawala, wato mayar da bashi: in ɗan kwangila yana bin mai gona, 'yan ƙwadago kuma suna bin ɗan kwangila, yana iya tura su kan mai gona su karɓa kai tsaye. Hanya ce mai amfani ƙwarai, sai dai tana da tarko, domin in mutum ya amince da hawala, a asalin hukunci wanda ya tura shi ya kuɓuta, ba zai dawo kansa ba don wancan ya gaza, sai in an yaudare shi game da halinsa. Saboda haka kada a karɓe ta sai mai gona ya amsa da bakinsa a gaban shaidu cewa lalle ana bin sa. Ga wanda ya karye kuwa, Khalil ya jera waɗanda za a fara biya daga amfanin gonar: mai ƙasar da aka yi haya, sannan wanda ya shayar da shukar, sannan wanda aka jinginar wa amfanin. Abin sha'awa ne a ce littafin da aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 ya sa mai ban ruwa gaba da mai jingina, alhali a gonakin Kadawa shi ne na ƙarshen sahu.

Shari'a ta raba mabarta biyu. Wanda ke cikin ƙunci a saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Mawadacin da ke jan ƙafa kuwa, hadisi ingantacce ya kira abin da yake yi zalunci, kuma alƙali na da ikon tsare shi har ya biya. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ƙari a kan bashi saboda jinkiri, domin riba ce. A Ingila, dokar 1998 ta ba wanda aka jinkirta wa biyan bashin kasuwanci damar neman ruwa na kashi 8 cikin 100 a kan mizanin babban banki, a birnin New York kuma dokar da ta fara aiki a 2017 ta ba mai aikin kansa damar neman ninkin kuɗinsa. Ɗan ƙwadagon Garun Malam ba shi da wannan sanda, kuma da yawansu ba za su so ta ba ko da an ba su. Wannan ya sa a wurinmu hana jinkiri ya fi maganinsa nauyi, tun da lokacin da ya wuce ba a rama shi. Abin da za mu iya ara daga Ingila wani abu ne dabam: ƙa'idojinsu na 2003 sun hana kamfanin da ke samar da ma'aikatan wucin gadi ya riƙe ladan ma'aikaci da hujjar cewa wanda aka yi wa aikin bai biya ba. Wannan hukunci da na fiƙihu wuri ɗaya suka dosa.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta manta da irin waɗannan ma'aikata ba. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da mai aikin ƙarfi ko da yarjejeniyarsa ta baka ce, sashe na 15 ya ce lada na wajaba a ƙarshen lokacin da aka yi ciniki a kansa, kuma kada tazarar biya ta wuce wata guda. Ta kuma wajabta lasisi ga masu sana'ar ɗebo ma'aikata. Sai dai tun gyaran tsarin mulki na 2010 shari'o'in ƙwadago suka koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma ko da yake tana da reshe a Kano, matar da ke bin kuɗin sheƙar kwana biyar ba za ta ɗauki lauya ta je can ba.

Matakan karɓo haƙƙi

A aikace, neman haƙƙi hawa-hawa ne, kuma tsallake mataki yakan jawo asara. Matakin farko shi ne tsayar da adadi. Kafin a yi maganar yaushe, a sa na tsakiya ya furta nawa ake bin sa, a gaban mutum biyu, ko a saƙon murya na WhatsApp, ko a takardar da zai sa wa hannu. Wanda ya amsa bashi ya rufe wa kansa ƙofar musu. Shaidar tura kafin alƙalami ta banki ko takardar mai POS ita ma hujja ce, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya karɓi bayanan na'ura bisa sharuɗɗansa. Mataki na biyu shi ne zuwa wurin mai gona, cikin ladabi, a tambaye shi abu ɗaya: an biya ko ba a biya ba? Na tsakiya ba ya son wannan ziyara, kuma sau da yawa ita kaɗai ke kawo ƙarshen magana, domin in ta bayyana an biya shi, ya rasa abin fakewa, ya kuma shiga haɗarin rasa aikin baɗi.

Mataki na uku sulhu ne. Shugabannin kasuwa, da sarkin noma, da mai unguwa da dagaci, da ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, duk wurare ne da ake zaunar da mutane. Ƙarfinsu kunya ce, rauninsu kuma shi ne sukan matsa wa mai rauni ya yi haƙuri ya karɓi rabi, don shi ne mai sauƙin lallashi. Sulhun da zai yi amfani shi ne wanda aka rubuta, aka sa ranaku, aka kuma samu mai lamuni. In sulhu ya ci tura, sai kotu. A kotun shari'ar Musulunci hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya yi musu, kuma a sha'anin dukiya Malikiyya sun yarda da shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara, sauƙin da ya dace da cinikin bakin gona. Tun 2019 kuma Kano na da kotunan ƙananan basuka a ƙarƙashin majistare, waɗanda aka buɗe da iyakar naira miliyan 5, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara su don a gama shari'a cikin kwana 60. Sun fi dacewa da mai tarakta ko mai injin girbi da ke bin kuɗi mai kauri. Ana fara su ne da takardar neman biya, wadda ita kanta takan motsa wanda ya daɗe yana kwance.

Ofishin 'yan sanda, inda mutane suka fi garzayawa, ba wurin karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Wuri ɗaya ne hukumar ke da hurumi: inda aka damƙa wa wakili kuɗi don ya biya ma'aikata ya cinye. Wannan cin amana ne, laifi ne a sashe na 311 da 312 na kundin Final Kot. A nan ma rabe-raben da muka yi a baya ya dawo, domin wakilin da ya cinye kuɗin mai laifi ne, ɗan kwangilar da ya kasa biya kuwa mabarci ne kawai.

Duk waɗannan matakai suna buƙatar lokaci, kuma ba kowa ke da shi ba. Mai injin girbi yakan tsaya a bakin gona har a auna masa buhunansa, mai injin casa ba ya sakin shinkafa sai an biya shi, domin kayan suna hannunsu. Mai dashe da mai cire ciyawa ba su da abin riƙewa: aikinsu ya shige cikin ƙasa watanni kafin a ga kuɗi. Mafi rauni a cikinsu su ne 'yan cirani, waɗanda ke zuwa daga wasu jihohi da kuma Jamhuriyar Nijar, domin da zarar hadari ya fara haɗuwa dole su koma gonakinsu, kuma mai taurin bashi ya san haka, kwanaki kawai yake ƙirgawa. Irin waɗannan, abin da ya fi musu shi ne kafin su tafi su wakilta mutum ɗaya mazaunin gari a gaban dagaci, da adadi a rubuce, ya ci gaba da bi da sunansu.

Akwai kuma wata kafa da ke nan a shirye ba a yi amfani da ita ba. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 don gyara manyan wuraren noman rani na arewa, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a wannan yanki, waɗanda ke kula da ƙananan magudanu da tara kuɗin ruwa. Su ne suka san wane ne ke noma wace gona a wannan rani, har da baƙon da ya zo daga birni ya yi haya. A ganinmu, littafi ɗaya a hannun sakataren kowace ƙungiya zai yi aikin da malaman masu gida suka yi a Sabo: a rubuta sunan mai gona, da na wanda ya kawo ma'aikata, da matsayinsa a cikin ukun nan, da adadi, da ranar biya, wanda kuma aka tabbatar ya riƙe ladan mutane a sanar da sauran manoman sashen kafin rani mai zuwa. Wahalar da ke ciki ita ce 'yan ƙungiyar su ne masu ɗaukar ma'aikata, ba 'yan ƙwadago ba, don haka sai an sa dagaci ko wani wakilin masu aikin ya riƙe kwafin littafin, in ba haka ba shafin da ya shafi babban manomi shi zai fara ɓata.